Sunan da Ke Gaba a Maƙalun Dokta Bitrus

Har yau wata Talata ta cikin watan Mayu na shekarar 1991 ba ta fita daga raina ba. Da misalin ƙarfe goma na safe kwamitin ƙarin girma na tsangayar kimiyya ya zauna a ɗakin taron makarantarmu da ke Minna. Shugaban tsangaya ne ciyaman. Akwai shugabannin sassa, cikinsu har da Farfesa Umaru na sashen nazarin ƙananan halittu. Akwai Madam Kamfot daga ɗakin karatu, wadda ba ta da ƙuri'a, sai dai a tambaye ta ta yi bayani. Ni ne sakataren kwamitin. Kafin in koma ofishin magatakarda na yi shekaru ina fassara labarai ina karantawa a gidan rediyo, saboda haka duk rahoton da ya zo ni ake miƙa wa in karanta da ƙarfi, kuma Mai Labarai suke kirana.

Ga waɗanda ba su san aikin ba, malamin babbar makaranta ba ya hawa muƙami da daɗewa a aji kawai. Sai ya yi bincike, ya rubuta maƙala, mujallar masana ta buga. In lokacin ƙarin girmansa ya yi, mu ne muke tattara maƙalun, mu aika wa wani farfesa na wata jami'a wanda bai san shi ba, ya tantance ya aiko da rahoto a rufe. Mai tantancewa yana duba yawan maƙalun da ingancinsu. A shekarun nan ne kuma wasu suka fara duba wani abu na uku, wato ambato: sau nawa wasu masana suka dogara da aikinka, suka kawo sunanka a ƙarshen nasu maƙalun.

Fayil na huɗu a ranar shi ne na Dokta Bitrus, yana neman hawa matsayin babban malami. Ɗan manoma ne daga wani ƙauye da ke kusa da madatsar ruwa ta Tagwai. Aikinsa a kan bakteriya ne, ƙwayoyin cutar nan da ido ba ya gani. Yakan ɗebo ruwa daga rijiyoyi da kududdufai, da wuraren da shanu ke sha a gefen madatsar, ya raini ƙwayoyin a faranti, ya nemo waɗanda magani ba ya kashewa. Abin da ya fi damunsa shi ne yadda wannan taurin ke yaɗuwa. Yakan ce a cikin ƙwayar akwai wani ɗan ƙaramin zobe na kayan gado, shi ke ɗauke da taurin, kuma ƙwaya tana iya miƙa shi ga wata ƙwayar da ba danginta ba in suka haɗu. Ban fahimci fiye da haka ba, amma wannan ya ishe ni in san aikin ba na wasa ba ne.

Karo na biyu ke nan yana nema. Duk wanda ke ɗakin kuma ya san wani asibiti a ƙasar Larabawa ya yi masa tayin aikin gwajin jini da fitsari, yana jiran amsarsa kafin ƙarshen watan Yuni. Lokacin malamai suna ta barin ƙasa. Bitrus ya gaya mini da bakinsa cewa in aka sake mayar da fayil ɗinsa, zai karɓi tayin. Can babu bincike, sai gwaji daga safe zuwa yamma.

Ciyaman ya tura mini ambulan. "Mai Labarai, ba mu kanun labarai."

Na buɗe na karanta. Da Turanci aka rubuta, ga ma'anarsa. Mai tantancewa ya ce maƙalun suna da kyau, uku daga ciki ma sun yi fice. Ya ce ya je ɗakin karatun jami'arsu ya duba manyan littattafan ambato, ya tarar masana a Turai da Indiya da Japan suna kawo waɗannan maƙalu, amma duk a ƙarƙashin sunan Farfesa Umaru. A ƙarƙashin sunan Bitrus bai ga ko layi ɗaya ba. Ya rufe da cewa a ganinsa mai neman ƙarin girman mataimaki ne nagari ga babban masani, kuma ya kamata ya jira har ya nuna aikin kansa.

Ciyaman ya juya wajen Madam Kamfot ya tambaye ta yadda haka za ta faru, alhali sunan Bitrus yana kan kowace maƙala.

Ta ce, "Ranka ya daɗe, littattafan nan sunan farko kawai suke ɗauka. In mutum biyar suka rubuta maƙala, na gaba shi ke kwashe ambaton duka. Sauran huɗun ba za ka gan su ba."

Na duba fayil ɗin da ke gabana. Duk maƙalun, daga ta farko har ta ƙarshe, sunan Farfesa Umaru ne a gaba, na Bitrus a baya. Babu wanda abin ya taɓa ba shi mamaki a cikinmu, domin haka ake yi a sashensu, haka ake yi a sassa da yawa. Babba ke shiga gaba. Farfesa Umaru ya cire tabaraunsa yana gogewa da bakin rigarsa. Doka ta ba mai nema damar ya mayar da martani ga rahoto kafin a yanke hukunci, saboda haka ciyaman ya ɗage fayil ɗin zuwa zama na gaba, bayan mako biyu, ya ce in sanar da Bitrus.

Na same shi a ɗakin gwaje-gwaje da rana. Babu wuta tun safe, yana tsugune yana gyara lagwanin firijin kananzir ɗin da yake ajiye ƙwayoyinsa a ciki. Na gaya masa abin da doka ta yarda in gaya masa, na ce yana da damar ya rubuto wa kwamiti ya bayyana wanda ya yi aikin.

Ya tashi ya goge hannu. "Malam Isa, in rubuta in ce me? In ce Baba Farfesa bai yi komai ba?"

"Ka rubuta abin da ya faru kawai."

"Ka san inda Baba ya tsince ni? A ɗakin nan nake wanke kwalabe, da takardar sakandare kawai. Shi ya ga ina leƙa madubin duba ƙwayoyin cuta in kowa ya tashi, shi ya cika mini fom, shi ya kai ni jami'a a Zariya a motarsa. Ranar aurena shi ya zauna kusa da babana a coci, shi da ba addininsa ba. Yanzu in ɗauki biro in tura shi baya?"

Na ce babu wanda ya ce ya tura shi baya.

Ya yi dariya, irin wadda ba ta daɗi ba. "Ku mutanen ofis, kun iya magana. A garinmu in ka yi noma, damin farko gidan babba ake kaiwa. Ba a tambayar wanda ya riƙe fartanya. Ni ba zan rubuta ba. In Larabawa ne rabona, shi ke nan."

Na koma ofis na rubuta a fayil cewa mai nema ya ƙi amfani da damarsa. Aikina ya ƙare a nan. Sakatare ba ya da ra'ayi, kuma na riƙe wannan ƙa'ida duk tsawon aikina.

Bayan kwana uku Farfesa Umaru ya aiko direbansa ya ce yana son ganina a gidansa na Tudun Wada bayan la'asar. Na tarar da shi a zaure a kan tabarma, an kawo kunun zaki a jug. Dattijo ne mai tsawo, mai son raha, kuma duk garin an san shi da binciken daddawa da kunu, wato ƙwayoyin da ke sa abinci ya yi tsami ya nuna. Ranar babu raha a fuskarsa.

Ya ce, "Malam Isa, kai ka karanta rahoton nan. Gaya mini da Hausa, ba da Turancin kwamiti ba. Cewa ake yi na ci gumin yaron nan?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, rahoton bai ce haka ba. Cewa ya yi gumin naka ne."

Ya dube ni. Sannan ya ce, "Ka san dalilin da ya sa sunana ke gaba? Edita a Landan ya ga ambulan daga Minna, daga wani Bitrus da bai taɓa ji ba, kwandon shara zai jefa ta. Ni sun san ni, na yi karatu da wasunsu. Sunana na ba shi aro ya buɗe masa ƙofa. Haka malamina ya yi mini, ban kuwa taɓa ganin laifinsa ba. Na gyara masa Turanci, na nemo masa magunguna da roƙo, na hana a ƙwace ɗakin nan a mai da shi sito. Wannan ba aiki ba ne?"

Na ce aiki ne, kuma babu wanda zai musa.

"To?"

"Littattafan ne ba su san aro ba, ranka ya daɗe. Wanda suka gani a gaba shi suke ba."

Akwai abin da mu biyun muka sani, ba mu faɗa ba. A wannan shekarar makaranta ta tura sunansa ga wata ƙungiyar manyan masana kimiyya ta ƙasa, domin a ɗauke shi mamba. Ni na buga takardun. Babbar hujjar da aka kafa a ciki ita ce ambaton da maƙalun nan na zobe suka samu a ƙasashen waje, domin binciken daddawa, duk amfaninsa, ba a cika kawo shi a can ba. Shekara biyu suka rage masa ya yi ritaya.

Ya zuba mini kunu, ya tambayi lafiyar iyalina, ya sallame ni. Ban fita da sanin abin da zai yi ba.

Ranar zama na biyu, da aka zo kan fayil ɗin, na karanta cewa mai nema bai mayar da martani ba. Ciyaman ya ce to sai a bi rahoton mai tantancewa, ya ɗaga biro. Nan Farfesa Umaru ya ɗaga hannu.

Ya ce, "Ciyaman, ina da roƙo. Rahoto ya ce maƙalun nan nawa ne. Ina so kwamiti ya yi mini jarrabawa a kansu, yanzu, kamar yadda muke yi wa ɗalibai."

Ciyaman ya ce, "Farfesa, babu wannan a dokar kwamiti."

"Akwai inda ta hana?"

Aka dube ni. Na ce babu.

Shugabar sashen nazarin sinadaran jiki, Dokta Ngozi, ita ce ta fi kowa kusa da fannin. Farfesa ya tura mata maƙalun ya ce ta zaɓi wadda ta ga dama. Ta yi ta noƙewa, tana cewa ita ba za ta tsayar da sa'an ubanta a gaban allo ba. Ya ce, "Ngozi, ɗalibai suna kuka da ke kowace shekara. Yau ki gwada a kan tsoho."

Ta buɗe maƙala ta uku. Ta tambaye shi yadda aka raba zoben da sauran kayan gadon ƙwayar, a ɗakin da ba shi da injin da ake yin haka da shi a Turai.

Ya ce, "A littafi na san yadda ake yi. Yadda aka yi a ɗakin can, ban sani ba. Mai Labarai, rubuta: ban sani ba."

Na rubuta.

Ta nuna masa wani hoto mai layuka baƙaƙe, ta tambaye shi wane layi ne zoben, kuma ta yaya aka san girmansa. Ya sa tabarau, ya matso da takardar, ya nisanta ta, ya ɗora yatsa a kan wani layi. Ta ce a hankali, "Farfesa, wannan ma'auni ne, ba samfur ba." Wani a ƙarshen tebur ya tuntsire da dariya ya rufe baki.

Farfesa ya ce, "Ku yi dariyarku, halal ce. Ni mutumin daddawa ne. Ku kawo mini ƙullin daddawa daga kasuwa, in shinshina in gaya muku kwananta nawa. Wannan kuwa ban sani ba. Rubuta."

Ta yi masa tambaya ta uku, a kan dalilin da ya sa aka sake gwajin da ruwan damina. Ya ce ya tuna Bitrus ya taɓa yi masa bayani a mota, amma barci ya ɗauke shi kafin su kai Suleja. A wannan karon har ciyaman sai da ya yi dariya.

Da dariyar ta lafa, ya miƙe tsaye, abin da ba a saba yi ba a zaman kwamiti. Muryarsa ta sauya. Ya ce tunanin binciken na Bitrus ne, hannun da ya yi na Bitrus ne, rubutun farko na Bitrus ne. Ya ce shi ya gyara harshe ya nemo kayan aiki, kuma wannan ya cancanci suna a ƙarshe, ba a farko ba. Ya ce ya sa sunansa a gaba ne da nufin taimako, bisa al'adar da ya gada, bai san ana lissafi da sunan gaba kaɗai ba, amma rashin sanin bai rage wa yaron asara ba. Daga nan ya juyo gare ni.

"Takardun nan da kuka tura wa ƙungiyar masana, a rubuta musu a cire maƙalun zobe daga ciki. In daddawa ta isa ta kai ni, to. In ba ta isa ba, na gode."

Ciyaman ya ce, "Umaru, ka yi tunani. Ba sai ka kai ga haka ba."

Ya ce, "Ba za a ci abu ɗaya a fayil biyu ba."

Kada ku ɗauka nan take aka ba Bitrus muƙamin. Kwamiti ba ya soke rahoton mai tantancewa da kansa. Abin da doka ta yarda shi ne a aika fayil ɗin ga sabon mai tantancewa, tare da bayanin Farfesa da sa hannunsa. Wannan kan ɗauki wata huɗu, wani lokaci shida. Wa'adin Larabawa kuwa saura ƙasa da wata guda. Wato Bitrus zai ba su amsa kafin ya san makomar fayil ɗinsa.

Da aka tashi, Farfesa ya ce in raka shi ɗakin gwaje-gwaje, wai yana son shaida. Labari ya riga mu isa. Bitrus yana tsaye a bakin ƙofa, idonsa ya yi ja.

Ya ce, "Baba, me ya sa? An ce har dariya suka yi maka. Wa ya roƙe ka?"

"Babu wanda ya roƙe ni. Kai ma da ya kamata ka roƙa, taurin kai ya hana ka. Ka zauna da ƙwayoyin nan har ka kwashi halinsu."

"Da ka bari na tafi, da babu wanda ya ji kunya."

"Da na ji, ni kaɗai, kullum in na wuce ƙofar nan." Ya ja kujera ya zauna. "Saurara, Bitrus. Ban zo in hana ka tafiya ba. Kana da mata da 'ya'ya, albashin nan namu kuwa ka san shi na san shi. Ban kuma yi maka alkawarin sabon mai tantancewa zai ce e ba. In ka tafi, ba ka yi mini laifi ba. Abu ɗaya nake so: ko a nan ko a can, duk abin da za ka sake rubutawa, sunanka ne a gaba."

Bitrus ya ce, "Hannuna ba zai iya ba, Baba."

"To Malam Isa zai buga maka. Shi hannunsa ba ya rawa."

Bitrus ya yi murmushi duk da haushin da yake ji. Ya tsuguna a gaban kujerar, irin gaisuwar da suke yi wa manya a ƙauyensu, ya daɗe bai ɗago ba. Farfesa ya dafa kansa. Na fita na ba su wuri.

Bai faɗi abin da ya yanke ba a ranar. Kusan mako biyu ba mu ji daga gare shi ba, har na fara shirya takardun sallama a raina. Ana saura kwanaki kaɗan wa'adin ya cika, ya shigo ofishina da safe, takalminsa duk laka. Ya ce daga Tagwai yake, ya ɗebo ruwan farkon damina, kuma gwajin da zai fara da shi zai kai shi sabuwar shekara. Ya tambaye ni inda ake buga waya zuwa ƙasar waje, yana so ya ba mutanen asibitin haƙuri.

Na ce, "Ba ka jira rahoton ba?"

Ya ce, "Mutum ya tsaya a gaban mutane ya ce bai sani ba saboda ni. Wane rahoto kuma zan jira?"

Ku da kuka shigo aikin nan bayanmu, kun tarar ana danna na'ura a ga ambaton mutum cikin ƙiftawar ido, kuma yanzu ana lissafa duk sunayen da ke kan maƙala. An ci gaba. Amma abin da na koya a lokacin bai tsufa ba. Lissafin ambato abu ne mai amfani, yana nuna inda aiki ya kai, sai dai mutanen da suka ƙirƙiro shi da tasu al'adar suka gina shi, mu kuma muka zuba tamu a ciki ba tare da mun tambayi yadda yake aiki ba. Babu maƙaryaci a cikin wannan labari. Mai tantancewa ya faɗi abin da ya gani, Bitrus ya girmama wanda ya raine shi, Farfesa ya yi abin da aka yi masa. Duk da haka saura kaɗan mu rasa mai bincike. In fayil ya zo gabanku, ku karanta lambobin, sannan ku tambayi yadda aka jera sunayen da wanda ya jera su.

Rahoton sabon mai tantancewa ya iso a watan Nuwamba. Aka ba Dokta Bitrus matsayin babban malami, aka lissafa masa shi tun daga farkon shekarar karatu. Ƙungiyar masana ba ta ɗauki Farfesa Umaru ba, ya yi ritaya ba tare da ita ba. Maƙalar ruwan damina ta fito bayan shekara biyu, sunan Bitrus a gaba, na Farfesa a ƙarshe, kuma Bitrus ya ci gaba da bincikensa a Minna har ya kai matsayin farfesa.